Kyamarar Bidiyo Mai Hoto Garau: Amfaninta da Illolinta ga Iyali da Manazarta



Abin da za a tattauna a kansa a wannan zama wata 'yar na'ura ce wadda ba ta fi cikin tafin hannu ba, watau kyamarar bidiyo ta gida, musamman irin wadda masu ƙera ta ke rubuta wa haruffan nan biyu, HD, a gefe, suna nufin mai ɗaukar hoto garau, wanda babu hazo a cikinsa. Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa zauren jami'a da kayan kanti, ai wannan magana ce ta 'yan kasuwa da masu ɗaukar hoton biki. Amsar kuwa ita ce, cikin shekaru 40 da suka shige da wuya a sami wata na'ura da aka ɗora wa amanar tarihin talaka kamar wannan. Bikin aure da na suna, saukar Alƙur'ani, tafsirin azumi, hawan salla, wasan makaɗa, da hirar da ɗalibi ya yi da tsohon maƙeri a ƙauye, duk ta cikin idonta suka bi. Idan ta riƙe amana jikoki su gani. Idan kuwa ta ci amana, magana ta ƙare, domin ba a sake ɗaura auren da aka riga aka ɗaura don a gyara hoto.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, alherin wannan na'ura a ranar ɗauka yake bayyana, wahalarta kuwa ba ta fitowa sai bayan taro ya watse, wani lokaci ma sai bayan shekara 10. Mai saye yakan ga na farko da idonsa a kanti, amma na biyu babu mai nuna masa.

Ya kamata a waiwayi asalin abin a taƙaice. A shekarar 1965 kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da fim ɗin Super 8 domin masu ɗaukar hoto a gida. Ƙunshi guda na wannan fim ƙafa 50 ne tsawonsa, ba ya wuce minti 3 da 'yan sakanni, a farkon fitowarsa babu sauti, sa'an nan tilas a aika da shi wurin wanki kafin a ga abin da aka ɗauka. Da bidiyo ya zo, kyamara dabam take, akwatin kaset dabam, mai ɗauka ya rataya ɗaya a kafaɗa ya riƙe ɗaya a hannu, kamar ɗan koli. Sai a 1983 kamfanin Sony na Japan ya haɗe su wuri guda cikin Betamovie, JVC ya biyo baya a 1984 da ƙaramin kaset na VHS-C, a 1985 kuma Handycam ta fito. A 1995 aka koma kaset ɗin MiniDV, wanda ke ajiye hoto a lissafin lambobi irin na kwamfuta. Hoto garau bai shiga hannun mutanen gida ba sai a 2003, sa'ad da kamfanoni huɗu, JVC da Sony da Canon da Sharp, suka amince da tsarin HDV, JVC kuma ya fitar da kyamarar GR-HD1. A 2006 Sony da Panasonic suka kawo tsarin AVCHD, wanda ya sallami kaset ɗungurungum, ajiya ta koma kan faifai da 'yan katuna.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan labari. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, shekara 2 kafin Living in Bondage ya fito a Legas. Ke nan na'urar da aka ƙera domin uba ya ɗauki ɗansa yana tatata, ita ce ta haifi masana'antar da dubban mutane ke ci da ita. Arha da sauƙin riƙewa su ne suka jawo haka, kuma wannan alheri ne da babu mai musunsa.

To, mene ne ainihin ma'anar garau? Kowane hoto da ke kan allon talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. A tsarin PAL, wanda Nijeriya da Gana suka bi, idan aka mai da hoton lissafin lambobi, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimilla 414,720. Nijar tsarin SECAM ta bi, amma yawan layukan ɗaya ne. Cikakken hoto garau kuwa ɗigo 1,920 ne a kwance, 1,080 a tsaye, watau 2,073,600, ninki 5 daidai. Akwai ƙanensa mai 1,280 da 720, akwai kuma wansa na baya-bayan nan da ake kira 4K, mai ɗigo fiye da miliyan 8. Kaset ɗin VHS ko kusa da ma'aunin PAL ɗin ma bai kai ba, domin ƙarfinsa bai wuce layi 240 ko kusa da haka ba, kuma duk sa'ad da aka kwafi kaset daga kaset sai hoto ya ƙara dusashewa, launi ya zube kamar rinin da bai kama ba. Duk wanda ya taɓa kallon tsofaffin hotunan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ko na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san wannan takaici. Ana ganin babbar riga, ana ganin 'yan amshi, ana jin kiɗa, amma yadda hannun makaɗi ke matsa tsarkiyar kalangu yana sakinta, wanda a nan sirrin sautin yake, ya nutse cikin hazo.

A daidai wannan wuri ne amfanin na'urar ya fi girma, kuma manazarta ne suka fi kowa cin moriyarsa. Ɗalibin da ke nazarin ɗinkin babbar riga yana bukatar ya ga yadda allura ke shiga da fita a jikin aska takwas. Mai nazarin ƙira yana son ya ga launin ƙarfe sa'ad da maƙeri ya zare shi daga wuta, da inda masaba ke sauka. Mai binciken rini a marinar Ƙofar Mata yana son ya ga yadda ake ƙulla yadi kafin a tsoma shi. Mai nazarin harshe yakan so ya ga leɓe da muƙamuƙin mai magana, ba jin muryarsa kaɗai ba. Haka kuma wanda ya je gidan malamai, aka buɗe masa gafaka aka nuna masa rubutun ajami amma aka hana shi fita da shi, zai iya bin shafukan da kyamara ɗaya bayan ɗaya, ya koma ɗakinsa ya tsai da hoton ya karanta har da wasulla. Da kyamarar VHS wannan ba ya yiwuwa, sai dai a ga alamar akwai tawada a kan takarda. Bugu da ƙari, hoto garau faffaɗa ne, ma'auninsa 16 a kwance 9 a tsaye, saboda haka yana ɗaukar jerin mahaya ko sahun masu rawa ba tare da an yanke na gefe ba.

Abu na biyu shi ne gilashin jawo nesa kusa. Kyamarar gida mai matsakaicin kuɗi takan jawo abu sau 20 ko 30 da motsin gilashi na haƙiƙa, hoto bai rage komai ba. Wayar salula kuwa, sai mafi tsada ne ke da gilashin da ke jawowa sau 5 ko 10, mafi yawan sauran faɗaɗa ɗigo suke yi, kamar wanda ya ƙara wa kunu ruwa ya ce ya yi yawa. Wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoso a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san ba a matsawa kusa da dawaki. Daga nesa zai tsaya, amma da wannan gilashi zai kamo adon lifidi da ƙullin rawanin hakimi kamar yana gabansu. Haka abin yake a bakin Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu, da filin kokawar neman takobi a Nijar, gasar da aka fara a Tawa a 1975. Hukumar UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2016, hawan salla na Kano kuma a 2024, saboda haka kyawun hoton da za a bar wa na baya ba ƙaramin al'amari ba ne.

Sai kuma juriya. Zaman tafsiri yakan ci awa 2, yinin biki ya fi haka. An ƙera kyamarar bidiyo domin ta yi ta ɗauka har kati ya cika, batirinta ana zare shi a sa wani, ana kuma iya jona ta da wuta tana aiki. Waya takan ɗauki zafi a rana ta tsaya, ko kira ya shigo a tsakiyar huɗuba. Hatta manyan kyamarorin hoton kati da suka fara ɗaukar bidiyo a 2008, sun daɗe suna yankewa a minti 29 da sakan 59, ba domin gazawa ba, sai domin masu ƙera su su kauce wa harajin da Tarayyar Turai ke ɗora wa kyamarar bidiyo a wancan lokaci.

Batun sauti ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Al'adar Hausa ta baka ce. Waƙa, kirari, tatsuniya, wa'azi da tarihin zuriya duk a kunne suke, kuma mai kallo yakan jure hoto mai hazo, amma ba ya jure muryar da ba ya ji. Makirufon da ke jikin kyamara abin da ya fi kusa da shi yake kamawa: numfashin mai ɗauka, iskar hunturu, da rurin janareta. Fifikon kyamarar bidiyo a kan waya shi ne da yawa daga cikinsu suna da kafar jona makirufo na waje, wanda za a maƙala a wuyan rigar dattijon da ake hira da shi, wasu har da kafar sauraro a kunne. Amma masu arha ba su da wannan kafa. Haruffan HD da ke jikin kwali kuwa ba su faɗi komai game da sauti ba.

Akwai wani amfani da masu ƙera ta ba su yi niyya ba, shi ne shaida. A daren 3 ga Maris 1991 wani mutum mai suna George Holliday ya ɗauki 'yan sandan birnin Los Angeles suna dukan Rodney King, da sabuwar Handycam ɗinsa, daga barandar gidansa. Duniya duk ta gani. Amma hoton na dare ne, mai hazo, farkonsa ma a dagule yake, lauyoyi suka riƙa tsai da shi gaɓa-gaɓa suna fassara shi yadda ya dace da su. A ranar 29 ga Afrilu 1992 kotu ta sallami 'yan sandan, tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka fiye da 50. Ba za a ce hazo ne kaɗai ya jawo wannan hukunci ba, sai dai hoton da ke nuna fuska da lambar mota sarai ya fi wuyar musu.

Yanzu sai a juya ga ɗaya ɓangaren. Illar farko ita ce duhu. A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, wanda a kyamarorin gida bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Idan aka cusa ɗigo miliyan 2 ko fiye a wannan ɗan wuri, rabon kowane ɗigo na haske sai ya ragu ƙwarai. Da rana tsaka babu matsala. Amma ina ne akasarin hidimomin gida ke gudana? A zaure, a ɗakin amarya, a tsakar gida bayan magariba, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda ko biyu. A nan sai na'urar ta ƙara wa hoton ƙarfi da kanta, ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa gero, fuskokin baƙaƙen mutane su haɗe da duhu, fararen riguna su yi ta ƙyalli. Ɗigo miliyan 2 na nan a lissafi, amma abin da ido ke gani bai kai na tsohuwar babbar kyamarar gidan talabijin ba. Kanti kuwa kullum haske ne tar a cikinsa, shi ya sa ba a gane wannan aibi sai an kai ta gida.

Illa ta biyu ita ce, hoto garau ba ya rufa wa mai ɗauka asiri. Rawar hannun da VHS ke haɗiyewa, a nan fili take, musamman idan an jawo abu sau 30, inda bugun zuciyar mai riƙe da ita ma yakan girgiza hoto. Haka nan idan saiti ya kuskure ya kama bangon da ke bayan ango maimakon fuskarsa, ɗan allon kyamara mai inci 3 ba zai nuna ba, sai an sa a babban talabijin. An ƙirƙiro dabarun rage girgiza, kuma suna taimakawa, amma har yau babu abin da ya kai sanda mai ƙafa uku, kuma ita ce mai saye ya fi mantawa da ita.

Wata matsala kuma daga wurin saye take tasowa. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar da Gana sau 50 take kaɗawa a sakan, ta Amurka sau 60. Kyamarar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, ko ɗan'uwa ya aiko da ita tsaraba, idan ba ta da zaɓin komawa 50, to a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki hotonta zai riƙa ƙifta ido ko ratsi-ratsi ya riƙa bin sa. Kazalika kasuwa ta cika da kyamarori marasa sanannen suna, an rubuta musu 4K da manyan haruffa, alhali ƙaramin hoto suke ɗauka su hura shi. Araha dai ba ta ado.

Akwai illar da ba ta na'ura ba ce, ta zamantakewa ce. A hoton VHS na taron mata, wadda ke can baya inuwa ce kawai. A hoto garau ana iya tsai da shi, a jawo fuskarta, a yanke, a tura wa wanda bai halarta ba. Matan aure da 'yan mata da suka saki jiki a wurin kamu ko yinin biki, domin sun san tsakaninsu ne, ba su ba da izinin a kalle su a kasuwa ba. Kano ta ga ƙarshen irin wannan a 2007, sa'ad da wani hoton sirri da aka ɗauka da waya ya bazu, har hukuma ta dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni. Ɗalibin da zai fita bincike wajibi ne ya gaya wa mutane abin da zai yi da hotonsu da wanda zai gani, kafin ya danna maɓalli.

Wannan ya kawo maganar waya, wadda ita ce ta karya kasuwar kyamarar gida. Labarin Flip ya isa misali. 'Yar kyamara ce ta aljihu da ta yi farin jini a Amurka, har kamfanin Cisco ya sayi masu ƙera ta a 2009 a kan dala miliyan 590. A 2010 iPhone 4 ta fito tana ɗaukar hoto garau, a watan Afrilu 2011 Cisco ya rufe Flip. Ga wanda bukatarsa minti 2 ce ta yaro yana rarrafe, waya ta wadatar, har ma sababbin wayoyi sukan fi kyamara mai arha iya sarrafa duhu. Kyamarar bidiyo ta rage wa masu dogon zama, masu ɗauka daga nesa, da masu bukatar murya tsaf, watau masallatai da makarantu da masu hoton biki da manazarta.

Sai babbar illa, wadda dominta aka shirya wannan lacca, ita ce ajiya. A mafi kyawun saitin AVCHD na farko, megabit 24 a sakan, awa guda takan ci kusan gigabayit 11. Faifan DVD na yau da kullum gigabayit 4.7 yake ɗauka, bai kai rabin awa ba ke nan. Bikin da aka ɗauki awa 6, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa buɗar kai, ya haura gigabayit 60. Tace irin wannan hoto kuma yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa, domin an matse shi matsa mai tsanani, sai injin ya warware shi kafin ya nuna. To, me ke faruwa a aikace? Mai hoton biki ya ɗauka garau, ya tace, ya rage shi ya koma ɗigo 414,720 domin ya shiga DVD, ya miƙa wa ango, sa'an nan ya goge katin domin bikin mako mai zuwa. Iyali sun biya kuɗin ninki 5, sun karɓi kashi 1. Daga baya wani ya kwafe shi a waya, ya tura ta WhatsApp, wadda ita ma takan ƙara matse shi. Bayan 'yan shekaru faifan ya karce ko zafi ya ci shi, abin da ya rage wa zuriya shi ne wannan na waya, wanda bai fi tsohon VHS da komai ba.

Ko da an riƙe asalin, ba a tsira ba. Kaset a hankali yake mutuwa: hoto ya fara rawa, launi ya kwanta, damina ta sa masa fumfuna, amma yakan ba da sanarwa, kuma ana iya ceto mafi yawansa. Kati kuwa mutuwar fuju'a yake yi. Jiya yana buɗewa, yau kwamfuta ta ce babu komai a ciki. Abin da ke riƙe da hoton ɗan cajin lantarki ne a cikin ƙwayoyi ƙanana, wanda ke zurarewa idan kati ya daɗe a ajiye, zafi kuma yana gaggauta zurarewar, ga shi ƙasar nan ba ta rasa zafi ba. Ga kuma katunan jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi hoton awa 3 su riƙe na minti 20. Kaset ɗin HDV ma yana da nasa rauni. Domin a cusa hoto garau cikin ɗan kaset na MiniDV, an ɗaure hotuna 12 a ƙulli guda, kowane ya dogara da ɗan'uwansa. Ƙwayar ƙura guda ta hunturu da za ta ɓata ɗan lungu a tsohon tsari, a nan takan tafi da rabin sakan sukutum, kuma mai yiwuwa ne a cikin wannan rabin sakan waliyyi ya ce ya bayar.

Daɗin daɗawa, injin da zai karanta abin da aka ajiye shi ma mutuwa yake yi. Sony ya daina sayar da kaset ɗin Betamax a watan Maris 2016. A watan Yuli na wannan shekara kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera injin VHS. Kaset ɗin MiniDV da HDV ba sa shiga kwamfuta da cikakken kyawunsu sai ta igiyar FireWire, kuma sababbin kwamfutoci ba su da wannan kafa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hotuna ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa wajen shekarar 2025 kunna kaset zai zama abu mai wuyar gaske saboda ƙarewar injuna da kayan gyara. Duk gidan da ke da kwalin kaset a ƙarƙashin gado, da duk sashen jami'a da ke da kabad cike da hirarrakin ɗalibai na shekarun baya, wannan gargaɗi da su yake.

Ya kamata a gwada wannan da fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Shirya Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shekara 40 yana kwance, amma da yake fim hoto ne na zahiri wanda ake ɗagawa a haske a gani da ido, an iya ta da shi. Babu wanda zai yi wa katin ajiya alkawarin shekara 40 a cikin akwati.

Maganin ba mai tsada ba ne, sai dai yana son naci. Tun wurin ciniki da mai hoton biki a sa sharaɗin zai ba da asalin abin da ya ɗauka, ba tataccen kaɗai ba, iyali su kawo nasu rumbun ajiya a zuba musu. Wajen kwafe katin AVCHD a ɗauke jakar gaba ɗaya yadda take, domin kyamara takan yanka dogon ɗauka gida-gida, kuma bayanin yadda za a sake haɗa su yana cikin ƙananan fayilolin da mutane ke watsarwa. A yi kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, ɗaya a ajiye shi a wani gida dabam, domin gobara da ɓarawo ba sa zaɓe. Duk bayan 'yan shekaru a buɗe a duba, a mai da shi kan sabon rumbu tun tsohon yana da rai. Abin da ya shafi tarihin al'umma kuwa, kamar hira da sarakunan sana'a da makaɗa da malamai, bai kamata ya tsaya a aljihun ɗalibi ba. Ɗakunan karatu na jami'o'i, da cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da CELHTO da ke Yamai, su ne wuraren da suka dace a kai kwafi, kuma ya kyautu sassan da ke tura ɗalibai bincike su sa miƙa asalin hoto da sauti cikin sharuɗɗan karɓar kundi.

Akwai wani ɗan abu da kaset ke da shi wanda kati ya rasa, shi ne wurin rubutu. A bayan kowane kaset akan manna takarda a rubuta sunan ango da amarya da shekara. Kati bai fi farcen babban yatsa ba, kyamara kuma lambobi kawai take raɗa wa abin da ta ɗauka, 00001, 00002, kuma da yawa daga cikinsu sukan koma farko duk sa'ad da aka goge kati. Idan agogon cikinta bai saitu ba, har ranar da za ta rubuta ƙarya ce. Saboda haka masu aikin adana tarihi sukan shawarci mai ɗauka da ya fara kowane zama da faɗin rana da wata da shekara da sunan gari da bakinsa, sa'an nan ya roƙi dattijon da ke gabansa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da sana'arsa, kafin a shiga hira.